Darasi na 14: Daga Sakwa Zuwa Azare, Wa Zai Biya Kuɗin Ɗaki?

Kafin mu fara karatu, kowa a ajin nan ya ƙirga a zuci: cikin shekara 5 da suka wuce, gida nawa ka sani da suka kwashe kaya suka bar garinku? Ban da 'yan cin rani, waɗanda ke fita bayan an kai amfani gida, su dawo da faɗuwar ruwan shuka. Ana maganar magidanci ne da iyalinsa, da tukwane da tabarmi da 'yar akuya a bayan a-kori-kura. Wani ruwa ne ya cinye masa gida. Wani gonar gado ce aka raba har kasonsa bai kai a ɗaure jaki ba. Wata mijinta ne ya rasu, ta bi ɗanta mai tura baro a kasuwar Azare. Wani kuma jinya ce ta kai shi asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare, aka ce ya riƙa dawowa duk mako, ya ga kuɗin mota ya fi kuɗin ɗaki.

Duk waɗannan, daren farko a sabon gari tambayarsu ɗaya ce: ina za a kwana, kuma da me za a biya?

Katagum biyu

Bari mu fara warware wani abu da ke rikita baƙi, har da wasu 'yan gida. Sakwa tana cikin ƙaramar hukumar Zaki, wadda hedkwatarta ke garin Katagum. Azare kuwa ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Katagum. Wato garin Katagum ba ya cikin ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa. Tarihi ne ya kawo haka. Malam Ibrahim Zaki ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, fadar tana garin Katagum, sai a 1916 aka mai da ita Azare, sunan masarauta ya bi sarki.

A wurin mutumin Sakwa, komawa Azare ba barin gida ba ne. Ƙasar Katagum ce duk, harshe ɗaya, dangi a ko'ina. A takardar gwamnati kuwa ya tsallaka iyaka: ya fita daga ɗaya cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi ya shiga wata. Babu shinge, babu ɗan sanda, amma sakatariyar da ta san sunansa ta zauna a baya. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan darasinmu.

Abin da ke jiran baƙo

A ƙauye ba kasafai ake biyan kuɗin ɗaki ba. Baƙo ya sauka wurin dagaci ko mai unguwa, a ba shi zaure ko ɗakin da ba kowa, in zai daɗe a yanka masa fili ya kafa danga. A manyan garuruwa ma haka kakanninmu suka saba: fatake suna da zango, suna da fatoma mai ba su masauki ya ajiye musu kaya. Har gobe yawancin masu zuwa Azare ba gidan haya suke fara sauka ba, wurin ɗan'uwa ne ko ɗan garinsu. Da rikicin Boko Haram ya koro mutane daga Borno da Yobe, galibin waɗanda suka shigo Jihar Bauchi cikin gidajen jama'a suka saje, ba a sansani ba. Wannan abin alfahari ne. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Mai masaukin da ke da ɗaki uku da 'ya'ya tara zai yi kara wata ɗaya, wata biyu, daga nan a fara jin maganganu ta bakin yara.

Sai a shiga neman haya, a garin da ɗaki ke da masu nema da yawa. Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau ba nisa. Ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti kowa ɗaki yake nema, kuma mai gida ya fi son wanda albashinsa ke shiga banki duk ƙarshen wata a kan manomin da ruwa ya koro.

Tsadar ma da sauƙi in da wata-wata ake biya. Abin da ke karya talaka shi ne kuɗin shekara a dunƙule. Mu yi lissafi da wani misali, ba farashin wata unguwa ba ne, don koyo ne kawai. A ce ɗaki ɗaya Naira 120,000 ne a shekara. In aka raba wata 12, Naira 10,000 ke nan a wata, kimanin Naira 330 a rana. Mai tura baro ko mai sayar da ƙosai zai iya cire wannan daga cinikin yini, ko da da ƙyar. Amma ba haka ake nema ba. Ana son 120,000 a hannu, ga la'adar dillali, wadda sau da yawa kashi 10 cikin 100 ce, wato 12,000, ga kuɗin motar kaya, ga gyaran ƙofa da sayen kwaɗo. Mutumin da zai iya biyan haya a hankali sai ya kasa shiga ɗakin tun farko. A nan ne ake sayar da akuyar, ko a jinginar da ragowar gonar.

Me gwamnati take yi?

Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci matsuguni. Sashe na 16 ya sa samar wa kowane ɗan ƙasa wurin zama mai kyau cikin manufofin da hukuma za ta bi. Amma sashen yana cikin Babi na 2, wanda ba a kai gwamnati ƙara kotu a kansa. Sashe na 41 kuwa, wanda ya ba kowa 'yancin zuwa ko'ina a Najeriya ya zauna, shi kotu tana tsayawa a kansa. Ka ga ke nan doka ta ba ka damar tashi, ba ta ɗora wa kowa nauyin saukar da kai ba.

Gwamnatocinmu sun fi karkata ga gini. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an ƙudurta gina gidaje 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha, kuma har yau a garuruwa da dama akwai unguwar da ake kira Shagari Lokos. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, daga baya ya nemi rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Gwamnatin Bala Mohammed ita ma ta ɗauko aikin gidaje 2,500 a manyan garuruwan masarautun jihar, har da Azare. Aikin kirki ne, amma ku duba wa yake isa: mai albashi, mai takardar aiki, mai abin ajiyewa a matsayin kafin alƙalami. Matar da ta zo daga Sakwa da ƙullin kaya a kai ba mallakar gida take nema ba tukuna. Ɗakin da za ta rufe da daren nan take nema.

Akwai kuma taimakon gaggawa. A ambaliyar 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan 1 suka bar gidajensu, kuma Zaki da Gamawa na cikin wuraren da ruwan ya yi wa ɓarna a jiharmu. A irin wannan lokaci hukumar NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha kan kawo hatsi, katifu, barguna, wani lokaci da kwanon rufi da siminti. Kayan nan ana kai su ne inda abin ya faru, a raba bisa sunayen da aka rubuta a can. Wanda ya haƙura ya zauna a ajin firamare yana jiran ruwa ya janye, shi ake samu. Wanda ya kwashi 'ya'yansa ya nufi Azare tun kafin hanya ta yanke, sau da yawa sai labari. Kuma me mai ɗakin haya zai yi da bandir ɗin kwano?

Sai tallafin kuɗi. Daga 2016 gwamnatin tarayya ta fara ba gidajen da suka fi talauci Naira 5,000 a wata, ana biyan 10,000 duk wata biyu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka sanar da Naira 25,000 a wata har wata 3 ga gidaje miliyan 15. Ana ɗauko sunaye ne daga Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita. Yadda aka haɗa rajistar yana da hikima: jami'ai sukan je gari, a tara maza da mata da matasa, su da kansu su faɗi gidajen da suka fi kowa rashi, sannan a bi gida-gida a rubuta. Maƙwabci ya fi ma'aikacin Abuja sanin tukunyar da ba ta hau wuta ba jiya. Amma a nan hikimar take da rami. A Sakwa kowa ya san ka, sai dai ba ka nan. A Azare kana nan, amma ba wanda ya san ka balle ya ambaci sunanka a taro. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana. A harkar tallafi karin maganar ta zama kamar doka.

Taƙaice dai, babu wani tsayayyen shiri na gwamnati da ke biya wa talakan Najeriya wani kaso na kuɗin haya duk wata, balle wanda zai bi shi in ya sauya ƙaramar hukuma. Duk wanda ya zo maka da fom yana cewa kawo kaza a sa ka cikin masu tallafin haya, riƙe aljihunka ka je sakatariya ka tambaya.

Inda tallafi yake bin mai shi

Akwai ƙasashen da suka gwada wata hanya, kuma ya kamata mu san yadda take, ko don mu san abin da za mu nema. A Amurka, wata doka ta 1974 ta kafa shirin da aka fi sani da Sashe na 8. Maimakon gwamnati ta gina gida ta ce shiga, sai ta ba iyali takardar tallafi, su nemi gidan haya da kansu wurin kowane mai gida da ya yarda. Iyalin su biya kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu, hukumar gidaje ta yankin ta cika sauran kai tsaye ga mai gida, matuƙar hayar ba ta wuce ƙa'idar da aka yanka ba kuma gidan ya ci jarrabawar masu duba lafiyar gini. Sama da gidaje miliyan 2 ke cikin shirin.

Mu mai da shi kuɗinmu. Magidanci yana samun Naira 60,000 a wata, haya 25,000 ce. Kashi 30 na 60,000 shi ne 18,000. Wannan shi zai biya, hukuma ta biya 7,000. In samunsa ya faɗi zuwa 40,000, nasa ya koma 12,000, na hukuma ya hau 13,000.

Abin da ya fi shafar darasinmu shi ne takardar tana tafiya da mai ita. In iyali za su bar yankin wata hukumar gidaje zuwa na wata, ko da wata jiha ce, sai su sanar da hukumarsu ta farko, ita ta aika takardunsu ga ta biyu. Ta biyun tana da zaɓi: ko ta ɗauke su cikin kasafinta, ko ta riƙa biya tana aika wa ta farko lissafi. Akwai sharaɗi don kada mutane su riƙa zuwa inda layi ya fi gajarta su karɓa su gudu: wanda ba mazaunin yankin ba ne lokacin da ya nema, ana iya sa shi ya zauna shekara 1 kafin ya tashi da takardar. Da a ce haka ake a nan, sakatariyar Zaki ce za ta aika fayil ɗinka Azare, ka iso ka tarar an san da zuwanka.

Sun ma auna amfanin tashin. Daga 1994 aka yi wani gwaji da iyalai kimanin 4,600 a birane 5, ciki har da Niyok da Shikago, aka ba wasu takardar da sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi katutu ba. Shekaru bayan haka Raj Chetty da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka bi sawun yaran, suka wallafa sakamako a 2016: waɗanda aka tashi da su kafin su kai shekara 13, da suka girma samunsu ya fi na takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100. Waɗanda suka riga suka zama samari lokacin tashin ba su sami wannan riba ba. Iyaye, ku lura: inda yaro ya tashi yana bin sa har girma.

Kada wannan ya sa mu ɗauka can aljanna ce. Cikin gidaje 4 da suka cancanci taimakon haya, kusan 1 ne kawai ke samu. Ana yin shekaru a layi. A wurare da yawa mai gida yana iya cewa ba ya karɓar mai takarda. Kuma ba za mu iya kwafo shi yadda yake ba, don su suna da takardar albashi da ta haraji da za a gane samun mutum, mu kuwa wa zai faɗi abin da mai faskare ke samu a wata? Shi kansa bai sani ba.

Amma ni a ganina, gundarin dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Yanzu ana haɗa rajistar tallafi da lambar NIN, kuma lambar nan ta mutum ce, ba ta gari ba. Ba abin da zai hana sunan ya bi lambar. Bayan ambaliya, da za a tambayi magidanci ko kwano yake so ko kuɗin hayar wata 6, da yawa za su zaɓi na biyu, kuma wasu ƙungiyoyin agaji sun riga sun yi irin wannan ga 'yan gudun hijira a Maiduguri. Jihar Legas tun 2011 ta yi dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon ɗan haya, kodayake aiki da ita ya yi wuya. Kwamitocin zakka na masallatanmu ma suna da hurumi, tunda matalauci da mai bashi da matafiyin da guzuri ya yanke wa duk suna cikin mutum 8 da ake ba zakka. Buhun gero yana ƙarewa cikin wata guda. Cika wa bazawara kuɗin ɗaki yana rufa mata asiri shekara.

Kafin ka ɗaura kaya

Tunda tallafi bai iya bin ka da kansa ba, kai za ka ja shi. Kada ka tashi a ɓoye kamar mai gudun bashi. Je ka yi sallama da mai unguwa da dagaci, ka bar musu lambar wayarka da ta wanda za ka sauka wurinsa, don in an zo tantance sunaye a kira ka. In gidanka yana cikin rajistar tallafi, je sakatariyar Zaki a garin Katagum ka shaida wa jami'in da ke kula da ita, ka tambayi yadda ake gyara adireshi. Layin wayar da aka yi maka rajista da shi, kada ka yar, kada ka ba yaro ya yi wasa da shi. Ta nan saƙo ke zuwa.

Ka haɗa takardu cikin leda ɗaya: ta NIN, katin zaɓe, takardar shaidar ƙaramar hukuma da ake kira indijin, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, da takardar canjin makaranta daga hedimasta. Takardar indijin ta Zaki za ka ci gaba da amfani da ita ko ka shekara 30 a Azare, don asali take nunawa ba wurin zama ba. Katin zaɓe kuwa hukumar INEC tana mai da shi sabuwar mazaɓa in an buɗe rajista. Kada ka raina wannan: kansila ya fi jin kukan wanda zai iya jefa masa ƙuri'a.

Da ka sauka, sa mai masaukinka ya kai ka wurin mai unguwa. Gaisuwar minti 10 ce, amma ita ce ke sa a san da kai ranar rubuta sunaye.

Wajen kama ɗaki, kada ka ba dillali kuɗi sai ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da maƙwabta suka shaida. Ka duba bango ko akwai alamar inda ruwa ya tsaya bara. Wanda ruwa ya koro bai kamata ya sake kama ɗaki a kwari don arha ba. Ka roƙi a raba maka biya, wata 3 ko wata 6. Masu gida da yawa suna yarda in wani dattijo ya tsaya maka. Duk abin da aka yi, a rubuta: sunanka, sunan mai gida, nawa aka biya, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai biya wuta da kwashe masai. Shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi rasit. Wasu na jin kunya, wai kamar rashin yarda ne. Mai gidan da kuka yi amana da shi yana iya rasuwa, magada kuwa takarda suka sani.

Ka kuma san cewa mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa, ko kware rufi, ko watso kayanka waje. A dokokin yawancin jihohi, in ba a rubuta wani abu dabam a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biyan shekara na wata 6, bayan nan a ƙara masa kwana 7, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Wannan kariya ce, ba lasisin cin kuɗin mutane ba. Ranar da ka shiga ɗakin, ranar za ka fara tara na baɗi: shiga adashi, ko ka riƙa jefa Naira 330 ɗin nan ta misalinmu a asusu kullum.

Aikin aji

1. Ɗaki Naira 90,000 ne a shekara, la'ada kashi 10 cikin 100, motar kaya 15,000. Nawa ake bukata ranar shiga? In za a tara kuɗin shekara mai zuwa cikin mako 52, nawa za a riƙa ajiyewa duk mako?

2. Mace tana samun Naira 45,000 a wata, haya 20,000 ce. A tsarin kashi 30 cikin 100, nawa za ta biya, nawa hukuma za ta cika?

3. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai gida ɗaya ɗan haya, ku rubuta yarjejeniyar haya da ba ta wuce layi 8 ba. Ku ba wasu biyu su karanta, su nemo abin da kuka manta.

4. Rubuta wa kansilan mazaɓarku gajeriyar wasiƙa a madadin wani gida da ya tashi daga Sakwa zuwa Azare bayan ambaliya, kana tambayar yadda sunansu zai koma rajistar inda suke yanzu. A kawo wasiƙar mako mai zuwa, za mu karanta guda 3 a gaban aji.